Gasar biyu-biyu ko ta huɗu-huɗu: wace ce ta fi dacewa da ƴan birij na Damagaram?

Duk wanda ya daɗe a wasan birij, wasan kati na mutum huɗu da ake yi biyu a kan biyu, har ya wuce matakin ƙirga maki da haddar buɗe tayi ya san cewa hannu ɗaya yana iya samun amsa biyu masu karo da juna, kuma kowace daidai ce a wurinta. Abin da yake raba su shi ne irin lissafin da ake yi wa wasan. A gari irin Damagaram, inda masu birij ba su da yawa, idan mutum takwas ko goma sha biyu suka amince su riƙa haɗuwa kowane mako, tilas ne su yanke shawara tun daren farko ko gasar biyu-biyu (ta abokan wasa biyu) za su yi ko ta huɗu-huɗu (ta ƙungiyoyin mutum huɗu). Wadda suka zaɓa ita za ta horar da hukuncinsu a tayi da yadda suke buga kati, har ya zame musu ɗabi'a ba tare da sun lura ba.

Tushen makin ɗaya ne a gasar biyun, kuma ya samo asali ne daga tsarin da Ba'amurke Harold Vanderbilt ya fito da shi a 1925. Kwangila ita ce yawan cin da ɓangare ya yi alkawari a tayi, wato shida a kan lambar da ya faɗa. Ta 4 pik ko 4 ker da ta ci tana ba da 420 idan kuna tsanwa, 620 idan kuna ja, wato matsayi biyun da ake rubuta wa kowane ɓangare a kowane rabo, inda ja ta fi lada kuma ta fi tara. Ta 3 sanzatu, wato ba tare da atu (launin da ke cin sauran) ba, tana ba da 400 ko 600. Wanda ya tsaya a 3 pik ya yi ci tara yana da 140, idan ya yi goma yana da 170. Kowane ci da aka rasa yana jawo asarar 50 a tsanwa da 100 a ja, matuƙar ba a yi kontar ba, wato ninkin da abokan hamayya kan yi wa kwangila idan suna ganin za ta faɗi. A duka biyun kuma ana ajiye rabon katin yadda yake a cikin jakarsa, a kai shi wani teburi a sake bugawa, ta yadda sa'ar rabo ba ta da tasiri, kuma babu kuɗin da ake zubawa, abin da ya raba wannan wasa da caca.

Bambancin yana wajen kwatanta sakamako. A gasar biyu-biyu, ana jera makinku da na duk waɗanda suka riƙe katinku a sauran tebura, ku sami maki 2 a kan duk wanda kuka fi, da maki 1 a kan wanda kuka yi kunnen doki da shi. Ba a tambayar da nawa kuka fi shi. Ratar 10 da ratar 1000 daidai suke. A gasar huɗu-huɗu kuwa, ku biyu kuna zaune Arewa da Kudu a teburi ɗaya, abokan ƙungiyarku suna zaune Gabas da Yamma a ɗaya teburin, sai a ɗauki ratar da ke tsakanin sakamakon biyu a mayar da ita makin IMP bisa wani sikeli da aka kafa a 1962. Ratar 10 ba ta ba da kome, daga 20 zuwa 40 IMP 1 ne, daga 220 zuwa 260 IMP 6 ne, daga 430 zuwa 490 IMP 10 ne, daga 750 zuwa 890 IMP 13 ne, kuma sikelin yana ƙarewa a 24. Saboda haka mai biyu-biyu yana tambayar kansa sau nawa wannan mataki zai yi nasara, mai huɗu-huɗu kuma yana tambayar nawa zai ci da nawa zai rasa. Na farko kamar mai sayar da goro ɗai-ɗai ne a Kasuwar Dole, dala ɗaya ta riba ma abin nema ce a wurinsa, na biyu kuwa kamar dillalin shanu ne, ba ya ɓata ciniki saboda kuɗin igiya.

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili shi ne shawarar zuwa mansh, wato kwangila mai babban lada irin 4 pik ko 3 sanzatu. A ce kuna ja, kuna shakka tsakanin 3 pik da 4 pik, kuma abokan hamayyarku a ɗaya teburin sun tsaya a 3. Idan kuka je 4 ta ci, kuna da 620 su kuma 170, ratar 450 ke nan, IMP 10. Idan ta faɗi da ɗaya, kun rasa 100 su kuma sun sami 140, ratar 240, IMP 6. Kuna saka 6 ne domin ku ci 10, don haka ko da damar cin kwangilar ba ta wuce kashi 38 cikin 100 ba, zuwa mansh ba asara ba ce. Idan kuna tsanwa, ribar IMP 6 ce kuma asarar 5 ce, sai iyakar ta hau zuwa kimanin kashi 45. Wannan lissafi ya ɗauka cewa ba za a yi muku kontar ba kuma ba za ku faɗi da biyu ba, shi ya sa masu taka-tsantsan suke ɗaukar kashi 40 a matsayin iyakar ja. A gasar biyu-biyu duk wannan bai taso ba. Ja ko tsanwa, sai damar ta kai rabi kafin mansh ya cancanta, domin faɗuwa da ɗaya a inda kowa ya sami 140 sifiri ne tsantsa.

A ce abokinku ya buɗe da 1 pik, kun ɗaga zuwa 2, shi kuma ya gayyace ku da 3 pik. Kuna riƙe da sarki da 7 da 4 na pik, 8 da 3 na ker, sarki da bale da 6 da 5 na karo, sai 10 da 7 da 4 da 2 na tiref. Maki bakwai ne na manyan katuna da gajeren launi guda, hannu ne na tsaka-tsaki. A huɗu-huɗu, kuna ja, ku ce 4 pik ba tare da dogon tunani ba. A biyu-biyu ni pas zan ce. Sai dai akwai tarko a nan wanda ya cinye abokan wasa da dama: idan mai gayyata ya riga ya miƙa hannunsa saboda ya san ja ne, mai amsa kuma ya sake miƙawa saboda dalilin nan guda, sai a wayi gari a mansh mai damar kashi 25. Dole ku yi yarjejeniya a kan wanda zai riƙa miƙawa a cikinku. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne gayyata ta kasance mai nauyi, amsa kuma mai saurin yarda, domin hakan yana rage yawan tsayawa a mataki na 3, wanda shi ne mataki mafi rashin riba, ba shi da ladan mansh kuma yana da haɗarin faɗuwa.

Ƙaramin shelem, wato tayin 6 na ci sha biyu, bai cika raba gasar biyun ba. A ja, riba IMP 13 ce kuma asara 13 ce, a tsanwa 11 da 11, don haka rabin dama ake nema ko'ina. Babban shelem, wato tayin 7 na cin duka sha uku, shi ne yake buƙatar hattara a huɗu-huɗu, domin a ja kuna saka IMP 17 ne don ku ci 13, wato sai damar ta kai kimanin kashi 57, kuma wannan idan kun tabbata ɗaya teburin ma ya kai ƙaramin shelem. Idan akwai yiwuwar sun tsaya a mansh, to 6 kaɗai ta ishe ku riba, zuwa 7 ba ya ƙara sai kaɗan, faɗuwarsa kuwa tana mayar da babbar riba babbar asara.

Zaɓin launin kwangila shi ma yana juyawa da lissafi. Ci goma a 3 sanzatu 430 ne, ci goma a 4 pik 420 ne. Wannan goman ba ta da daraja ko kaɗan a IMP, amma a biyu-biyu ita ce ke raba na sama da na tsakiya. Saboda haka ƙwararrun biyu-biyu sukan bar atu takwas a babban launi (pik ko ker) su zauna a sanzatu idan hannuwan biyu ba su da launi mai tsawo ko gajarta sosai kuma maki sun yi yawa, kuma kusan ba sa yarda su buga 5 karo ko 5 tiref, tunda 400 ɗinsu tana ƙasa da duk wanda ya yi rarar ci ɗaya a sanzatu. Har akan ce wanda ya riga ya wuce 3 sanzatu a ƙaramin launi (karo ko tiref) gara ya ƙarasa 6. A huɗu-huɗu wannan tunani ganganci ne. Mansh mafi tabbas shi ake nema, ko 5 tiref ne, domin 600 da 630 IMP 1 ne kawai tsakaninsu, yayin da faɗuwar sanzatu saboda launi ɗaya da ba a tsare ba IMP 12 ne.

Takaddamar ƙananan kwangiloli ita ce mafi wuyar hukunci, kuma a nan ne ƴan belot suke shigowa da wata baiwa, domin sun saba da ƙin sakar wa abokin hamayya atu da arha. Bafaranshe Jean-René Vernes ya nuna a 1969 cewa idan aka haɗa yawan cin da kowane ɓangare zai yi a launinsa mafi tsawo, jimlar takan yi kusa da jimlar atun ɓangarorin biyu. A ce su suna da pik takwas, ku kuna da ker takwas, jimla 16, kuma sun tsaya a 2 pik. Idan za su yi ci takwas su sami 110, ku ma takwas za ku yi a 3 ker, ku faɗi da ɗaya ku ba da 50 ko 100, wanda ya fi 110 sauƙi. Idan kuwa ku ne za ku yi tara, kuna da 140 maimakon 50 ko 100 da za ku samu daga faɗuwarsu. A biyu-biyu ke nan shiga ta fi shiru ta kowace fuska, ban da guda: idan kuna ja aka yi muku kontar, faɗuwa da ɗaya 200 ce, ta fi kowace ƙaramar kwangila tsada, kuma sifiri ce kusan ko'ina.

Wannan 200 ɗin ita ce dalilin da ya sa ake yawan kontar ƙananan kwangiloli a biyu-biyu. Idan hannun naku ne, kuna da tabbacin 140, suka tura ku har suka kai 3 pik suna ja, to 100 ɗin da za ku samu ba tare da kontar ba ba ta da amfani, kun riga kun sha kashi a hannun masu 140. Kontar ba ta ƙara muku asara sosai idan suka ci, kuma tana kai ku sama idan suka faɗi. Ku ɗauki wannan ɗabi'a ku kai ta huɗu-huɗu ku ga ɓarnarta. Kontar a kan 2 pik ta ja, idan ta faɗi da ɗaya, ta mayar da 100 zuwa 200, ribar IMP 3. Idan ta ci, ta mayar da 110 zuwa 670, asarar IMP 11. Ƙa'idar da ake bi a can ita ce kada a yi kontar da za ta kai abokan hamayya mansh sai ana hangen faɗuwa da biyu, kuma da atu masu cin kansu a hannu, ba da manyan katunan gefe kaɗai ba.

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa ƙananan kwangiloli ba su da muhimmanci a IMP. Ratar 110 da 140 ce ba ta da muhimmanci. Amma idan kuka bar su suka ci 110 a teburinku, masu riƙe da katinku a ɗaya teburin kuma suka ci 110 a nasu launin, ratar 220 ce, IMP 6, daidai da mansh na tsanwa da aka rasa. Uku irin wannan sun isa su kayar da ƙungiya a wasan rabo 24. Abin da ya canza kawai shi ne inda ake tsayawa: a yi ƙoƙarin tura su mataki na 3, daga nan a bar su, domin faɗuwa da 500 a kan 110 IMP 9 ne.

Tayin sadaukarwa, wato wanda aka san zai faɗi amma ana fatan ya fi barin su su ci arha, shi ma haka yake. Suna ja sun kai 4 ker mai 620, ku kuna tsanwa kuna tunanin 4 pik. Faɗuwa da uku da kontar 500 ce. A biyu-biyu, idan yawancin tebura sun ba da 620, wannan 500 ɗin tana kusa da saman jeri. A huɗu-huɗu ribarta IMP 3 ce kacal, faɗuwa da huɗu 800 ce, asarar IMP 5, idan kuma ashe kwangilarsu ba za ta ci ba tun asali, kun ba da 500 a inda za ku karɓi 100, asarar IMP 12. Sadaukarwar da ta cancanta a IMP ita ce mai arha ƙwarai, wadda za ta faɗi da ɗaya ko biyu, ko wadda ma akwai yiwuwar ta ci.

A wajen buga kati, ga rabon da yake nuna batun sarai. Kudu ya buɗe da 1 sanzatu, Arewa ya ce 3 sanzatu, suna ja, Yamma ya fita da dam ta pik.

Arewa, hannun shimfiɗe (wanda ake bajewa a teburi kowa ya gani): pik 8 5 2, ker 7 4, karo as, sarki, dam, 6 5 4, tiref 9 3.
Kudu, mai kwangila: pik as, sarki, 6 3, ker as, 8 5, karo 3 2, tiref as, 7 5 2.

Ci bakwai ne a hannu: biyu a pik, ɗaya a ker, ɗaya a tiref, uku a karo. Karo biyar ne a waje, kuma hannun shimfiɗe ba shi da wata ƙofar shiga sai karon kansa. Katuna biyar sukan rabu 3 da 2 kimanin kashi 68 cikin 100, 4 da 1 kashi 28, 5 da babu kashi 4. Idan Kudu ya buga karo daga sama suka rabu 3 da 2, ya kwashe shida, jimlar ci goma, 630. Idan suka rabu 4 da 1, ya tsaya a karo uku, sauran suka mutu a teburi, kwangila ta faɗi, galibi da biyu. Ɗaya hanyar ita ce ya buga ƙaramin karo daga hannuwa biyun a zagayen farko ya bar su su ci. Har yanzu yana da abin tsare kowane launi, kuma yana da sauran karo guda da zai koma teburi da shi ya kwashe biyar, ci tara, 600, ko rabon 3 da 2 ne ko 4 da 1.

A huɗu-huɗu babu muhawara. Sakin karon farko yana jawo asarar IMP 1 sau 68, yana kuma ceton IMP 13 sau 28, wato 68 a gefe ɗaya da 364 a ɗaya gefen. A biyu-biyu lissafin ya kife: kowane teburi zai kasance a 3 sanzatu, mai buga daga sama zai fi mai kariya sau 68, mai kariya zai fi shi sau 28, don haka daga sama ake bugawa, a rungumi faɗuwar idan ta zo. Mutumin da ya saba da huɗu-huɗu yakan ji wannan kamar rashin hankali, ya ga an jefa kwangila tabbatacciya cikin haɗari saboda maki 30, alhali shi ne daidai a wurin. Keɓantaccen yanayi shi ne idan kun lura kwangilarku ba wadda kowa zai kai ba ce, misali mansh mai kyau da maki 23 ko shelem da ƴan kaɗan za su gano, ko kuma an riga an yi muku kontar. A nan cin kwangilar kaɗai ya isa ya kai ku sama, sai ku koma wasan kariya ko da a biyu-biyu ne.

Misali na biyu ya fi wannan laushi. Atunku tara ne, as da dam da ƙanana uku a hannu ɗaya, ƙanana huɗu a ɗayan, sarki da bale da 10 da 9 suna waje, kuma kwangilar tana jure rasa atu ɗaya amma ba biyu ba. Ampas da dam, wato buga dam a riƙe as da fatan sarki yana hannun wanda ya riga ya buga, yana kuɓutar da ku daga rasa ko ɗaya idan sarki yana gabanta tare da kati guda, abin da ke faruwa kimanin kashi 20. Amma idan sarki shi kaɗai ne a bayanta, kimanin kashi 6, ampas yana jawo rasa biyu. Buga as tukuna, sannan a dawo a buga zuwa dam, yana maganin wannan kashi 6 ɗin, sai dai ya yafe kashi 20 na rara. A mansh na ja a IMP, 20 sau 1 ba ta kai 6 sau 12 ba, don haka as ake farawa da shi. A biyu-biyu 20 ta fi 6, ampas ake yi.

Masu tsaro su ne aikinsu ya fi sauƙi a huɗu-huɗu, domin burinsu ɗaya ne tak, kayar da kwangila. A ce kuna Yamma a kan 4 pik, ɓangarenku ya yi ci biyu, ku ne da fita, a teburi akwai dogon karo da ya riga ya nuna, da sarki da bale da ƙaramin tiref, ku kuma kuna da as na tiref. Idan kuka ɗauki as ɗinku, ci uku ke nan, kwangila ta ci daidai. Idan kuka fita da ƙaramin tiref daga ƙarƙashin as, mai kwangila sai ya yi canke: ya sa bale, abokinku ya ci da dam in yana da ita, ya dawo muku, kwangila ta faɗi; idan kuwa ya sa sarki, ya ci, ya zubar da sauran tiref ɗinsa a kan karo, as ɗinku ya kwana a hannu, ya yi rara. A IMP kuna saka 1 ne don ku ci 12, ba a jinkiri. A biyu-biyu sai kun auna ko abokinku yana da dam ɗin, ko mai kwangila irin wanda yake kuskuren canke ne, da kuma abin da sauran tebura za su yi, domin ba ku ma san ko burinku ci huɗu ne ko uku ba. Fitar farko ma haka: a IMP ana kai hari daga ƙarƙashin sarki ko dam, a biyu-biyu akan fi son fitar da ba ta ba da kyauta.

Daga duk wannan za a ga cewa gasar biyu-biyu ta fi wahalar bugawa da kyau, kuma tana da fa'idodi na gaske. Kowane rabo nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa, 1 sanzatu da babban shelem daidai suke, saboda haka ba a samun lokacin hutawa, kuma tana tilasta wa mutum ƙirga hannun abokan hamayya har kati na ƙarshe. Masifa guda, ko ta 1400 ce, rabo ɗaya kawai take ci. Kashi 60 zuwa 65 yakan isa a lashe zama. Aibinta shi ne tana saka wa wasu matakai da suke ganganci a asalin wasan, kuma sakamakonku yana rataye da abin da baƙi suka yi a teburan da ba ku gani ba. Ita kuwa huɗu-huɗu aibinta shi ne rabo biyu ko uku manya suna iya yanke gajeren wasa, kuma tana iya koya wa mutum kasala a kan rarar ci, har ya daina neman na goma da zarar ya ga tara.

Duk da haka, ga masu haɗuwa ido da ido a Damagaram, huɗu-huɗu nake ba da shawara, kuma babban dalilin na yawan mutane ne. Lissafin biyu-biyu ba ya yin ma'ana sai an buga rabo sau da yawa. Da teburi biyu, kowane rabo sama ne ko ƙasa ko kunnen doki, ratar 10 tana daidai da shelem, kuma wanda abokan hamayyarsa suka yi kuskure ɗaya ya sami cikakken maki ba da ƙwazonsa ba. Da teburi uku ma abin bai gyaru sosai ba. Huɗu-huɗu kuwa da mutum takwas aka gina ta, ba ta rasa kome don an yi ta a gida. Teburi ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, yadda ba za a ji tayin juna ba, jakunkunan kati masu aljihu huɗu waɗanda kowane tela ko baduku na Birni zai iya ɗinkawa, a rubuta lamba da mai rabo da ja ko tsanwa a bayan kowace bisa zagayen rabo 16 da aka sani. Rabo 24 yana cin kimanin awa uku, ana musayar jakunkuna bayan kowane shida, a haɗu a kwatanta bayan 12 lokacin da shayi na biyu ya sauka. Wannan kwatantawar ita ce makarantar: hukunci biyu ne kawai a kan kati guda, naku da na wanda kuka sani, kuma yana zaune a gabanku zai faɗi dalilinsa. Sharaɗinta mai wuya shi ne cikar takwas ɗin, domin mutum ɗaya ya yi tafiya Maradi ko Kano, daren ya rushe, don haka ƙungiyar da take son ɗorewa ta nemi mutum tara ko goma.

Dalili na biyu na tarbiyyar hukunci ne. Wanda ya fara da IMP yana koyon tambayoyin asali, wato me zai kayar da kwangilata, kuma me zai kayar da tasu, daga baya sai ya koyi lokacin da ake sassauta su don neman rara. Wanda ya fara da biyu-biyu yakan iso da kontar mai sauri da ƙyamar ƙananan launuka da son ampas ko ba dole, kuma cire waɗannan ya fi dasa su wuya. Ga mai hangen nesa kuma, babbar gasar duniya ta ƙasashe, Kofin Bermuda da aka fara a 1950, ta ƙungiyoyi ce, haka ma wasannin share fagenta na shiyyar Afirka a ƙarƙashin Hukumar Birij ta Duniya da aka kafa a 1958, ko da yake biyu-biyu ma tana da gasarta ta duniya tun 1962.

Biyu-biyu wurinta intanet ne, inda Bridge Base Online da Funbridge suke kwatanta sakamako da tebura masu yawa, kuma zama ɗaya a mako tare da abokin wasa na dindindin ya isa ya hana kasalar da aka ambata. A kula da abu biyu. Idan mutum-mutumin kwamfuta ne suke zaune a sauran kujerun, tayinsu da fitarsu ba irin na mutane ba ne, don haka kada a gina ƙa'ida a kan abin da ya yi aiki a kansu. Sannan kada a haɗa lissafin biyu a zama ɗaya, kuma kafin rabon farko abokan wasa su faɗa wa juna da baki wanne ake bugawa, domin yarjejeniyarsu a kan gayyata da kontar da sadaukarwa tana canzawa da shi.

Akwai waɗanda zan juya musu shawarar. Idan ƙungiya ta kai teburi biyar ko fiye, kuma ƙarfin ƴan wasan ya bambanta ƙwarai, biyu-biyu ta fi riƙe mutane, domin kowa yana karawa da kowa, kuma sabon shiga ba ya ɗaukar nauyin kayar da mutum uku da kuskurensa guda. Haka nan abokan wasan da matsalarsu tsoro ce, masu barin 2 pik ta wuce ba tare da sun ce uffan ba, masu ganin ci tara su miƙa sauran, wata uku na biyu-biyu zai yi musu amfani fiye da shekara ta IMP, tunda a can kowane shiru da bai dace ba yana fitowa a takardar maki a daren da aka yi shi.